DARASIN KASUWANCI: RABA BABBAR NA'URA ƊAKI-ƊAKI DA KUƊIN DA KE BIYO BAYA

SULEJA, Jihar Neja. Duk wanda ya san garin Suleja ya san sha'anin gidajen haya. Tun daga shekarar 1976, lokacin da aka yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya, aka ɗauki sunan Abuja daga wannan gari, shi kuma aka sa masa sunan Sarki Sulaimanu Barau, jama'a suke ta kwararowa. Da gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, sai ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa waɗanda tsadar hayar birni ta fi ƙarfinsu suka zauna a Suleja da Madalla. Masu gidaje kuwa suka koyi dabarar mayar da gida ɗaya wajen zaman iyali biyar ko shida, kowa da ɗakinsa da makullinsa, amma rijiya ɗaya, ƙofar gida ɗaya, layin wuta ɗaya.

Irin wannan dabara ce masana na'ura mai ƙwaƙwalwa suke yi wa babbar na'urar da ke riƙe da lissafin kamfani, wadda ma'aikata suke kira saba, wasu kuma uwar garke. Darasin ya shafi bankunan ƙananan 'yan kasuwa, da dillalan mai da ke ɗaukar kaya a ma'ajiyar mai ta Suleja, da manyan masu sari na Kasuwar IBB, da asibitoci da makarantu masu zaman kansu, wato duk wata ma'aikata da lissafinta ya wuce abin da littafi da biro za su riƙe.

Yadda abin yake

A tsarin da aka saba da shi a da, kowace manhaja da tata na'ura. Manhajar lissafin kuɗi tana kan ɗaya, ta albashi tana kan wata, ta ƙidayar kaya a sito tana kan ta uku, ta wasiƙu tana kan ta huɗu. Dalilin haka shi ne gudun kada matsalar ɗaya ta shafi sauran. Sai dai kuma yawancin waɗannan na'urori ba sa amfani da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na ƙarfinsu, alhali kuwa kowacce tana shan wuta dare da rana, tana fitar da zafi, tana kuma bukatar na'urar sanyaya ɗaki.

Mafitar ita ce a sayi na'ura ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a ɗora musu wata manhaja ta musamman wadda za a iya kira manhajar rabo. Aikinta kamar na wakilin mai gida ne: tana yanka ƙarfin na'urar kashi-kashi, tana ba kowane ɗaki rabonsa na furosesa, wato sashen da ke yin lissafi, da na ƙwaƙwalwar aiki, da na faifan ajiya. Manhajar da ke zaune a kowane ɗaki gani take ita kaɗai ce a kan cikakkiyar na'ura. Idan ta albashi ta cije, ana iya kashe ɗakinta a sake kunnawa ba tare da mai karɓar kuɗi a kanta ya san an yi ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin IBM na Amurka ya fara ta a kan manyan injunansa tun a ƙarshen shekarun 1960, ya fitar da VM/370 a 1972, sannan a 1988 ya ɓullo da rabon da aka gina cikin ƙirar injin kanta, wanda aka sani da LPAR. Waɗannan injuna na manyan bankuna ne da gwamnatoci. Abin bai sauko ga na'urorin da matsakaicin kamfani zai iya saya ba sai bayan kafa VMware a 1998, wanda ya fitar da manhajarsa ta ESX a 2001. Daga nan Xen ta fito daga Jami'ar Kambirij ta Ingila a 2003, Intel da AMD suka gyara ƙirar furosesa domin wannan aiki a 2005 da 2006, aka shigar da KVM cikin Linux a 2007, kamfanin Microsoft kuma ya fitar da Hyper-V a 2008.

A Nijeriya wannan lokaci ya zo daidai da haɗewar bankuna. A watan Yuli na 2004 Gwamnan Babban Banki, Farfesa Charles Soludo, ya ɗaga jarin banki daga Naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, kuma zuwa ƙarshen 2005 bankuna 89 sun koma 25. Bankunan da suka haɗe kowanne ya zo da na'urorinsa da manhajarsa, sai ya zama dole a tattara lissafin ɗaruruwan rassa a wuri guda. Reshen banki da ke Suleja a yau ba ya riƙe da asusun kowa. Idan mai ajiya ya miƙa takardar cirar kuɗi, tambayar tana tafiya ne zuwa cibiyar bayanai ta bankin, galibi a Legas, inda manhaja irin su Finacle ko Flexcube ko T24 take zaune a wani sashe na wata babbar na'ura, amsa kuma ta dawo cikin daƙiƙoƙi.

Ribar da ake gani da ido

Ga misalin lissafi. Na'urar da ke jan wat 400 dare da rana tana cin kilowat 3,504 a shekara. A watan Afrilu na 2024 Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Ƙasa ta kai kuɗin wuta na rukunin A zuwa Naira 225 kowane kilowat. A wannan farashi na'ura ɗaya za ta ci Naira 788,400 a shekara, guda shida kuma sama da Naira miliyan 4 da dubu 700, ban da kuɗin sanyaya ɗakin. Kamfanin da ba ya kan wannan layi kuwa da man dizal yake cike giɓin, wanda ya fi tsada. Abin takaici ne cewa jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru har yanzu ɗan kasuwarta yana sa janareta a sahun farko na kayan ofis, amma haka lissafin yake. Idan aka mayar da na'urori shida suka koma biyu, kuɗin wuta ya ragu, batiran ko-ta-kwana sun daɗe kafin su ƙare, ƙaramin janareta ma ya isa.

Akwai kuma sauƙin ƙaura. Ɗakin manhaja, idan an duba da kyau, tarin fayil ne kawai. Ana iya kwafarsa, ana iya kai shi wata na'ura, har ma tun 2003 VMware ya nuna yadda za a sauya masa na'ura yana cikin aiki ba tare da an kashe shi ba. Tsohuwar manhajar lissafi wadda kamfani ya saba da ita shekara goma tana iya ci gaba da aiki ko da na'urar da aka saye ta tare da ita ta mutu.

Wannan ribar ita ce dillalin na'ura zai fara nunawa, kuma gaskiya ce. Abin da ba kasafai yake faɗa ba shi ne yadda masu manhaja suke ƙidayar kuɗinsu.

Katangar bulo da shingen zana

Manhajar kasuwanci ba sayenta ake yi dungurungum ba, izinin amfani ake biya, wato lasisi. Manyan kamfanonin manhaja da yawa suna auna kuɗin lasisi ne da yawan ƙwayoyin furosesa, domin furosesa ɗaya ta zamani tana ɗauke da ƙwayoyin lissafi 8 ko 16 ko 32 ko fiye. Tambayar da ke raba ɗan kasuwa da kuɗinsa ita ce: idan manhaja tana zaune a ɗaki mai ƙwaya huɗu cikin gida mai ƙwaya casa'in da shida, na huɗu za a biya ko na casa'in da shida?

Kamfanin Oracle, wanda rumbun bayanansa ke ƙarƙashin manhajojin bankuna da hukumomi masu yawa a ƙasar nan, ya raba rabo gida biyu. Akwai rabo mai tauri, kamar katangar bulo, inda aka ƙayyade wa ɗaki ƙwayoyinsa ba zai iya tsallakawa ba. A cikin wannan rukuni ya amince da irin LPAR na IBM da sassan Solaris idan an ɗaure musu iyaka. Akwai kuma rabo mai laushi, kamar shingen zana wanda ake iya matsarwa da safe a mayar da yamma, kuma a nan ya sa VMware. A ra'ayin Oracle shingen zana ba ya rage kuɗin haya. Tun da manhajar tana iya yawo a duk faɗin gidan, to duk gidan za a biya, har da sauran na'urorin da aka haɗa wuri guda waɗanda ɗakin zai iya ƙaura zuwa cikinsu.

A jadawalin farashin kamfanin, babban nau'in rumbun bayanansa Dala 47,500 ne kowane lasisi, kuma a na'urorin Intel da AMD ƙwaya biyu ke cin lasisi ɗaya. Saboda haka ɗaki mai ƙwaya huɗu lasisi biyu ne, Dala 95,000. To a ɗauka kamfani ya haɗa na'urori uku, kowacce da furosesa biyu masu ƙwaya 16. Jimla ƙwaya 96, lasisi 48, Dala miliyan 2 da dubu 280. Idan aka yi misali da canjin Naira 1,500, na farko Naira miliyan 142 da rabi ne, na biyu kuwa Naira biliyan 3 da miliyan 420. Bugu da ƙari akwai kuɗin kulawa na shekara-shekara, kashi 22 cikin 100 na kuɗin lasisin. Manyan masu saye suna samun rangwame, amma rangwame ba ya sauya yadda ake ƙidaya.

Wajibi ne a faɗi cewa wannan matsayi na Oracle yana cikin wata takardar manufa ce, wadda ita kanta ta ce don ilimantarwa aka rubuta ta, ba sashen yarjejeniya ba ce. Lauyoyi sun daɗe suna jayayya a kan ƙarfinta. Kamfanin Mars na Amurka, mai yin alewa, ya kai ƙarar Oracle a 2015 a kan irin wannan binciken ƙidaya, daga baya aka janye ƙarar ba tare da kotu ta yanke hukunci ba. Mars dai yana da kuɗin ɗaukar lauyoyi. Ƙaramin banki ko dillalin mai da wasiƙar bincike ta iske shi ba lallai ne yana da wannan hali ba, shi ya sa masu hankali suke ware wa rumbun bayanai na'urarsa daban, wadda ba a haɗa ta da sauran ba, ko kuma su ɗauki ƙaramin nau'in da ake biya bisa yawan furosesa a Dala 17,500, idan aikinsu bai wuce ƙarfinsa ba. Da yawa daga matsakaitan kamfanoni ma PostgreSQL, wanda ba a biyan lasisinsa, ya ishe su, muddin mai manhajar lissafin ya amince da shi.

Microsoft kuma da nasa ma'auni. Tun daga Windows Server 2016 yana ƙidayar dukan ƙwayoyin na'ura, mafi ƙaranci 16. Nau'in Standard yana ba da izinin ɗaki biyu kacal, mai son ƙari sai ya sake biyan lasisin ƙwayoyin gaba ɗaya don samun wasu biyu. Nau'in Datacenter bai ƙayyade yawan ɗakuna ba, amma farashinsa ya ninka na farko sau da yawa. Injiniyan da ya ƙirƙiri ɗaki na uku cikin minti goma don gwaji, ya kuma manta da shi, ya jawo wa kamfani bashin da darakta bai san da shi ba.

Ita kanta manhajar rabon tana da mai ita. A watan Nuwamba na 2023 kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware, kuma kafin shekarar ta ƙare ya daina sayar da lasisin dindindin, ya koma kuɗin shekara-shekara bisa yawan ƙwayoyi. Wannan ya zo wa 'yan Nijeriya a mummunan lokaci. A watan Yuni na 2023 aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, Dala ta tashi daga kimanin Naira 460 a farashin hukuma, ta haura 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Wanda ke biyan lasisi da Dala, yana sayar da kaya da Naira, ya ga kuɗin ya ninka sau uku tun kafin a ƙara masa ko sisi. Kamfanoni da dama a duniya sun fara duba Hyper-V da Proxmox da Nutanix. A nan gida Bankin Sterling ya bar T24 a 2024 ya koma SeaBaaS, manhajar da aka rubuta a Nijeriya, a shekarar da GTBank ya koma Finacle, Zenith kuma ya koma Flexcube. Masu ajiya ba su manta da jinkirin tura kuɗi da aka sha a makonnin waɗannan sauye-sauye ba, abin da ke nuna cewa tashi daga wani gida zuwa wani yana da nasa kuɗin da wahala ko ga manya.

Idan rijiyar gida ta ƙafe

Haɗari na biyu a fili yake. A da in na'urar albashi ta ƙone, albashi ne kaɗai zai tsaya. Yanzu in na'urar da ke ɗauke da ɗakuna shida ta ƙone, lissafi da sito da albashi da wasiƙu duk sun tsaya a lokaci guda. Don haka na'ura ɗaya tilo ba tsari ba ne ga kamfanin da ba zai iya rufe kanta na yini biyu ba. Mafi ƙaranci biyu ne, kuma kowacce ta kasance tana da sararin ɗaukar kayan 'yar'uwarta. Wanda ya cika duka biyun maƙil bai yi tanadin komai ba.

Akwai kuma matsalar maƙwabci mai cin ruwa. Manhajar rabo tana yarda a yi wa ɗakuna alkawarin ƙarfin da jimlarsa ta fi abin da na'urar take da shi, bisa zaton ba za su nema a lokaci guda ba. Yawancin kwanaki zaton yana yin daidai. Amma ranar ƙarshen wata, lokacin da ake haɗa albashi, ana rufe lissafi, masu ajiya kuma sun cika banki, kowa zai zo da gugarsa. A nan ne mai kanta zai ce wa jama'a na'ura tana jan ƙafa. Maganin shi ne a keɓe wa rumbun bayanai rabonsa na ƙwaƙwalwa da furosesa wanda ba mai taɓawa, a kuma auna bukata da ranar da ta fi cunkoso, ba da ranar Laraba ta tsakiyar wata ba.

Ɓarayin zamani su ma sun gane cewa makullin wakilin gida ya fi na ɗaki ɗaya daraja. A watan Fabrairu na 2023 wani harin neman fansa da aka sa wa suna ESXiArgs ya kulle dubban na'urorin VMware a Faransa da wasu ƙasashe, ta wata kafa da kamfanin ya riga ya fitar da gyaranta shekara biyu kafin nan. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sa gyaran ba, suka kuma bar ƙofar na'urar a buɗe ga intanet.

Haya a gidan wani

Ba dole ba ne kamfani ya mallaki na'urar. Tun 2006, lokacin da Amazon ya fara ba da hayar ɗakuna a na'urorinsa, wannan ya zama babbar sana'a, ita ce ake kira gajimare. Ga hukumomin gwamnati akwai Galaxy Backbone, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2006, yana da cibiyar bayanai a Abuja, tafiyar kimanin awa ɗaya daga Suleja, da wata a Kano. A Legas akwai Rack Centre da cibiyar MainOne, wadda Equinix ya saya a 2022. Ga bankunan ƙananan 'yan kasuwa, Babban Banki tare da ƙungiyarsu sun ɓullo da dandalin haɗin gwiwa mai suna NAMBUIT, wanda kamfanin Inlaks ya gina, domin bankin da ba zai iya sayen babbar manhaja shi kaɗai ba ya sami sashensa a kan ta tarayya. Wasu kuma suna amfani da BankOne a bisa irin wannan tsari na haya.

Mai haya ya huta da janareta da sanyaya ɗaki da gadi, amma rayuwar kasuwancinsa ta rataya a kan layin sadarwa. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna da dama suka tsaya cik. Wanda ɗakinsa yake Turai ko Afirka ta Kudu ya fi jin jiki. A cikin gida ma aikin hanya yana yawan tsinke wayar da aka binne, don haka ofishin da ke Suleja yana bukatar layi biyu daga kamfanoni daban, kuma a tabbatar ba rami ɗaya suka bi ba.

Har ila yau akwai doka. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora alhakin bayanan abokan ciniki a kan kamfanin da ya tattara su, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da su ƙasar waje. Ba da haya ga wani ba ya sauke wannan nauyi. Kafin sa hannu, ya kamata darakta ya sami amsa a rubuce: a wace ƙasa ɗakin yake, da Naira ake biya ko da Dala, wa zai biya lasisin rumbun bayanai, kuma idan an rabu, cikin kwana nawa za a miƙo bayanan, a wane irin fayil.

Wani kuskure da ya zama ruwan dare shi ne ɗaukar hoton ɗaki, wanda manhajar rabo ke yi cikin daƙiƙa, a matsayin kwafin ajiya. Hoton yana zaune ne a kan faifan da ɗakin yake, in faifan ya lalace sun tafi tare, in kuma aka bar shi ya daɗe yana girma har ya cika faifan. Kwafin ajiya na gaskiya yana wani gini daban, kuma akwai aƙalla guda wanda ba a haɗa shi da layi ba, domin mai harin neman fansa ya kan fara neman kwafin ne kafin ya kulle asali. Kamfanin da ke da ofis a Suleja da reshe a Minna ko Kaduna yana iya ajiye na biyun a can. Sau ɗaya a kowane wata uku, a ranar da ba ciniki, sai a ɗauko kwafin a tayar da shi a kan na'ura ta biyu, akanta ya buɗe lissafin watan jiya ya gwada shi da takardar banki, a kuma rubuta yawan awoyin da aikin ya ci.